Firiza ta ja 'yata, soket kuma yana warin ƙuna: daga ina zan fara gyaran wutar gida?

Magidanci daga Kano:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin wuta, domin akwai abin da ya faru a gidana makon jiya wanda har yanzu bai bar zuciyata ta kwanta ba. Gidan da muke ciki gidan gado ne, mahaifinmu ya gina shi a farkon shekarun 1980, zamanin da NEPA ke ba da wuta, kuma abin da aka ja wa waya a lokacin bai wuce ƙwayayen fitila, da fanka biyu, da soket na rediyo da talabijin ba. Daga baya aka yi ta ƙara ɗakuna, kuma duk ɗakin da aka gina sai a kira wanda ya samu ya jawo masa wuta daga ɗakin da ke maƙwabtaka da shi. Yau a cikin gidan akwai firiza biyu, saboda maiɗakina tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, akwai na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya, da injin tura ruwa zuwa tanki, da dutsen guga, da hitar da ake tsomawa a bokiti lokacin sanyi.

Ranar Talata da safe 'yata mai shekara tara ta je ɗauko ƙanƙara babu takalmi a ƙafarta, an gama wanke ɗakin ke nan siminti bai bushe ba. Tana kama murfin firizar sai ta ƙwalla ƙara ta faɗi zaune. Allah ya taƙaita, hannunta ya saki, mun kai ta asibiti an duba ta an sallame mu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jin da na yi daga bakin mahaifiyarta cewa firizar ta yi watanni tana ɗan tsikarinsu, har sun saba da naɗe hannu da tsumma kafin su buɗe ta, kuma babu wanda ya ga dalilin gaya mini.

Da na shiga duba sauran wurare, sai na tarar soket ɗin kicin ya yi baƙi ta gefe ɗaya, idan an daɗe da jona butar lantarki kuma yana fitar da wari kamar na roba mai ƙuna. A nan ne na tuna cewa watanni huɗu da suka wuce bireka ɗaya, wato makunnin nan da ke yanke wuta da kansa, tana yawan faɗuwa, na kira wani matashi ya ce ta tsufa ne, ya cire mai lamba 16 ya saka mai lamba 32. Tun daga ranar ba ta sake faɗuwa ba, ni kuma na ɗauka an yi gyara.

Ba ni da ƙarfin da zan sake wayarin ɗin gida gaba ɗaya a lokaci guda. Ina roƙon a gaya mini abin da ya kamata in fara da shi, da abin da zai iya jira, da kuma yadda zan gane mai aikin da ya san abin da yake yi.

Tsohon mai wayarin daga Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Na yi sama da shekara talatin a wannan sana'a, kuma zan fara da abin da ba ya jiran gobe: a cire firizar nan daga wuta yau, kada a sake jona ta sai an auna ta, sannan a kashe birekar da aka canza ɗin, a bar ɓangaren nan babu wuta ko da zai jawo takura na kwana biyu. Bayan haka sai mu yi magana a tsanake.

Birekar da matashin nan ya cire ba ta tsufa ba, aikinta take yi. Ana saka bireka ne domin ta kare wayar da ke cikin bango da silin, saboda kowace waya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka gwargwadon kaurinta. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, wadda muke ja wa fitilu, da bireka mai amfiya 6 ko 10 ake haɗa ta, amfiya kuwa ma'aunin yawan wutar da ke wucewa ne. Mai 2.5, ta soket, idan tana cikin bututu a bango abin da take ɗauka lafiya bai wuce wajen amfiya 20 ba, kuma a cikin silin ɗin kwano a watan Afrilu, inda zafi ke taruwa, ƙasa da haka ma za ta ɗauka. Akwai tsarin da ake zagayo da wayar 2.5 ta dawo akwatin bireka ta kai biyu, shi ne kaɗai ake yarda a sa masa 32, amma gidan da aka yi ta jawo wa ɗaki wuta daga ɗaki da wuya a sami wannan tsarin a cikinsa. To, yi lissafin da kanka. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Butar lantarki takan ci wat 2000, dutsen guga wajen 1200, hitar bokiti wajen 1500 ko fiye. Idan aka haɗa ukun a layi ɗaya an kai wat 4700, a raba da 230, an haura amfiya 20, ba a ma sa firiza a lissafi ba. Mai lamba 16 ta ga haka ta faɗi, wato tana gaya maka kaya sun yi wa wayar yawa. Mai lamba 32 kuwa za ta zuba ido wayar ta yi ta ɗaukar zafi, robar jikinta ta bushe ta tsattsage, har ranar da za ta haɗu da katakon silin. Don haka a mayar da 16 ɗin, a kuma raba kayan: kicin ya sami nasa layin, na'urar sanyaya ɗaki da injin ruwa kowanne nasa, daga akwatin bireka kai tsaye.

Baƙin da soket ya yi kuma sau da yawa daga ƙusa yake farawa. Idan ƙusar da ke riƙe waya a bayan soket ta yi sako-sako, ko bakin soket ɗin ya buɗe ba ya kama filogi da kyau, wuta takan riƙa tsallake ɗan giɓin nan, wurin ya yi zafi, zafin ya ƙara sassauta shi. Bireka ba ta ganin wannan, domin yawan wutar da ke wucewa bai ƙaru ba. Hanci da tafin hannu ne ke gano shi. A canza soket ɗin, a yanke kan wayar da ya ƙone har a kai inda jan ƙarfen yake da haske, sannan a bi sauran soket ɗin gidan ɗaya bayan ɗaya a ɗaure su.

Yanzu maganar yarinya, wadda ita ce babba. Jikin firiza ƙarfe ne, kuma idan robar wata waya ta ciki ta goge, ko kwamfireso, wato injin da ke sanyaya ta, ya fara lalacewa, wuta takan yoyo ta hau jikin. Abin da aka tanada domin wannan shi ne waya ta uku, wato wayar ƙasa, mai launin kore ko kore da rawaya, wadda ke tashi daga dogon ƙarfen filogi na sama ta bi soket ta tafi har sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Idan wannan hanya tana nan lafiya, wutar da ta yoyo ita za ta bi. Idan babu ita, sai ta zauna a jikin firizar tana jiran wanda zai taɓa, kuma ƙafa babu takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti ita ce hanya mafi sauƙi da za ta samu. Ina kyautata zaton idan aka buɗe soket ɗin ɗakunan da aka ƙara daga baya waya biyu kawai za a gani a ciki, domin masu arha sukan bar ta ukun su rage kuɗin waya, tunda fitila za ta kama ko babu ita, mai gida kuma ba zai gane ba.

Ko da wayar ƙasa, bireka ta yau da kullum ba ta ceton rai. Wutar da ke iya hargitsa bugun zuciyar mutum ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, ita kuwa bireka sai an haura 16 ko 20 take motsi. Abin da ke ceton rai shi ne na'urar da a kasuwa ake kira ELCB, wasu su ce RCD ko RCCB, ni kuma nakan ce wa masu gida birekar yoyo. Tana auna wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta nutural, idan ta ga bambanci ta san wani abu ya bi wata hanya, ko ta jikin bango ko ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. A tabbata an sayi wadda aka rubuta 30mA a jikinta, wato kashi 30 cikin 1000 na amfiya ɗaya, domin akwai mai 100 da mai 300, waɗannan domin kare gini daga gobara ne, ba su isa su kare mutum ba. Tana da ɗan maɓalli mai harafin T, a riƙa danna shi duk bayan wata uku lokacin da akwai wuta, idan ba ta faɗi ba ta mutu, a canza ta.

Idan ni ne kai, kuɗin farko a kan sandar ƙasa da wayar ƙasa zuwa soket ɗin firiza, kicin, banɗaki da injin ruwa zan kashe shi, tare da birekar yoyo. Na biyu raba layuka. Sake wayar ɗakunan kwana, inda fitila da fanka da cajin waya kawai ake yi, zai iya jiran wata shekara matuƙar an auna an ga robar ba ta mutu ba.

Game da gane mai aiki, akwai hukumar NEMSA ta gwamnatin tarayya, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba ayyukan wayarin tana kuma ba masu sana'ar takardar shaidar ƙwarewa, saboda haka babu laifi ka nemi ganin takardar. Amma abin da ya fi saurin nuna maka shi ne jakarsa. Wanda ya zo da testa da filaya da baƙin salatif kawai ba zai iya gaya maka lafiyar wayar da ke cikin bango ba. Ka tambaye shi ko yana da na'urar auna lafiyar robar waya, wadda muke kira mega, da ta auna sandar ƙasa, ka kuma ce ya rubuta maka lambobin da ya samu a takarda. Waya kuwa ka je kasuwa tare da shi, ka sa a kankare bakinta da wuƙa a gabanka, domin akwai wadda alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, da an kankare sai fari ya bayyana, akwai kuma wadda aka rubuta 2.5 a kwalinta alhali cikinta bai kai ba. Ka nemi mai alamar hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, kada kuma arha ta ruɗe ka.

Uwargida daga Katsina:

Malam, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya tsare gaba. Baba mai wayarin ya gama magana a kan abin da ke cikin bango, ni kuma zan yi magana a kan abin da ke hannunmu mu mata da yara, domin mu ne muke wuni da kayan nan. Kada ka ga laifin maiɗakinka da yawa a kan tsumman da take naɗewa, yawancinmu haka muka taso muna gani, firij ko dutsen guga ya ɗan ja ka a ce ai halinsa ne. Abin da ya kamata shi ne ka tara mutanen gidan ka gaya musu cewa duk abin da ya tsikari mutum, ko sau ɗaya ne, a cire shi a sanar da kai a ranar.

Shekara uku da suka wuce, cikin hunturu, ƙanwata ta tsoma hita a bokitin roba bayan sallar isha'i, ba a jima ba aka ɗauke wuta. Ta bar ta a jone ta kwanta, da niyyar idan gari ya waye ta ɗora ruwa a murhu. Wajen ƙarfe biyu na dare aka dawo da wuta. Ruwan ya tafasa ya ƙone, hitar ta narkar da gindin bokitin, ta kama ledar tsakar ɗaki, daga nan labule. Tarin da jaririnta ya riƙa yi ne ya tashe ta. Sun fita da ransu, amma kayan ɗakinta na aure babu abin da aka tsira da shi, kuma lokacin da maƙwabta suka zo da bokitai sai da wani dattijo ya daka musu tsawa ya hana su watsa ruwa har aka sami wanda ya kashe wutar gidan daga wajen mita.

Tun daga lokacin muka kafa doka a gidanmu, da zarar an ɗauke wuta, kafin a nemi tocila ma, a zagaya a zare hita, da dutsen guga, da butar lantarki, da risho na lantarki. Kashe makunnin soket bai ishe ni ba, sai na ga filogin a ƙasa. Na kuma sa kowane yaro da ya kai shekara goma ya san inda babban makunnin gidan yake, na ɗauke buhunan da aka jibge a gabansa. Wani abin da nake roƙon iyaye su daina shi ne tura wayoyi tsirara cikin soket a danne su da tsinken ashana, da kuma zura makulli ko murfin biro a ramin sama domin a buɗe wa filogi mai ƙafa biyu hanya. Ƙofar da ke rufe ramukan nan saboda yara aka yi ta, kuma yaro yana kallon abin da babba ke yi, ranar da babu kowa da ƙusa zai gwada.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, wuta ta riƙe mutum, kada a kama shi da hannu. A kashe babban makunni, idan ya yi nisa a ture shi da busasshen katako ko muciya busasshiya. Idan ya suma kada a ɗura masa madara ko ruwa, a duba numfashinsa, a danna ƙirji idan ya tsaya, a garzaya asibiti.

Mai haɗa sola daga Kaduna:

Malam bai ambaci janareta ba, amma gidan da ake sana'ar ƙanƙara da wuya a ce babu shi, shi ya sa nake so in ƙara wannan a kan bayanin Baba. Yadda ake haɗa janareta da gida yana cikin abubuwan da suka fi ba ni tsoro a gidajen da nake shiga. Wasu sukan yi waya mai filogi a kai biyu, su soka ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango, suna dogara da cewa za su tuna su kashe babban makunni. Ranar da aka manta, wutar janaretan za ta fita ta mita ta hau layin unguwa, taransifoma kuma tana aiki ta kowane ɓangare, wato bolt 230 ɗin nan za ta iya ɗaga shi zuwa 11,000 a kan layin da ma'aikaci ya hau yana da yaƙinin an kashe. Idan kuma aka dawo da wuta a wannan hali, janaretan ne zai ƙone, wataƙila da ɗakin da yake ciki. Abin da ya dace shi ne makunnin sauya layi, wanda ake kira canja-oba, mai yanke waya mai wuta da nutural gaba ɗaya, yadda ba zai yiwu layukan biyu su haɗu ba ko da mutum ya so.

Shi kansa janaretan a waje ake ajiye shi, nesa da taga da ƙofa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa mutum barci ne ya wuce daga nan, kuma tsoron ɓarayi ko ruwan sama kan sa mutane su shigar da shi soro ko baranda su rufe. Gara a gina masa keji na ƙarfe mai rufi a tsakar gida. Kada a zuba masa fetur yana aiki ko yana da zafi.

Akwai gyara ɗaya da zan yi wa maganar maɓallin gwaji, tare da girmamawa. Danna shi yana nuna na'urar tana da rai, amma ba ya nuna cewa wayar ƙasa ta isa soket, domin gwajin a cikin na'urar yake faruwa. Haka kuma ƙananan janareta da wasu inbata, wato na'urorin da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ba a haɗa nutural ɗinsu da ƙasa ba, saboda haka birekar yoyo tana iya aiki daidai a wutar kamfani ta kasa aiki yadda ake zato idan an koma janareta. A sa mai aikin ya gwada daga soket a kan kowace wuta da gidan ke amfani da ita.

Ga masu batir kuma, kada ƙarancin bolt ya yaudare su. Inbata mai ba da wat 1000 daga batir mai bolt 12 tana jan sama da amfiya 80, wannan kuwa waya mai kauri sosai yake bukata, da fis a kusa da kan batirin. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, bai kamata ya kwana a ɗaki ɗaya da mutane ko a rufaffen kabad ba.

Malamin makaranta daga Maraɗi:

Gaisuwa ga kowa. Mu a nan soket ɗinmu mai zagayayyun ramuka ne irin na Faransa, kayan da muke saye kuma da yawa daga Kano da Katsina suke shigowa da filogi mai ƙafa uku masu kusurwa, haka nan kayan da ke zuwa muku daga wasu ƙasashe sukan zo da ƙafa biyu. Abin da ake yi a ɓangarorin biyu shi ne a sayi ɗan adafta mai arha a haɗa, kuma yawancin waɗannan adaftocin ba sa isar da wayar ƙasa ko kaɗan. Wato mutum zai iya kashe kuɗi ya kafa sanda ya ja waya ta uku har soket, sannan adafta ta yanke hanyar a taku na ƙarshe. Ina ba Malam shawara ya duba filogin firizar tasa kafin komai. Idan ta adafta take shiga, a yanke kan a saka filogin da ya dace da soket ɗin, a ɗaura koriyar wayar a mazauninta.

Magidanci daga Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawararku, na samo wani mai aiki da ya zo da na'urorin awo, ya wuni biyu a gidan. Abin da Baba ya yi zato shi muka tarar. Ɗakuna huɗu da aka ƙara babu wayar ƙasa a cikinsu, sandar da mahaifinmu ya sa aka kafa tun farko kuma mun same ta a bayan banɗaki, wayarta ta tsinke da tsatsa, wataƙila tun shekaru. Malam na Maraɗi ma ya faɗi daidai, ƙafar sama ta filogin firizar a karye take, ana ta amfani da shi a haka. Da mai aikin ya hau silin ya kira ni in leƙa, na ga wurin da aka murɗa wayoyi uku aka naɗe su da baƙar leda maimakon salatif, ledar ta narke ta manne, katakon da ke ƙarƙashinta ya yi baƙi kamar gawayi faɗin tafin hannu, ga kashin ɓera ko'ina, sun gaigaye robar wata wayar har jan ƙarfe ya fito. A daidai saman gadon yarana wannan wurin yake.

An mayar da bireka mai lamba 16, an ja wa kicin da firizoji sabon layi, an kafa sabuwar sanda, an saka birekar yoyo mai 30mA. Firizar da ta ja yarinyar an gano wayar cikinta ce ta goge a jikin ƙarfe, an gyara. Tambayoyi biyu suka rage mini. Mai aikin ya zuba gawayi da gishiri a ramin sandar, wani kuma ya ce mini gishiri yana cinye ta, ban san wanda zan bi ba. Sannan tun da aka saka birekar yoyon ta faɗi sau uku, duk da asuba, har wani ɗan'uwana yana cewa in sa a cire ta domin ƙanƙara za ta narke.

Tsohon mai wayarin daga Zariya:

Alhamdu lillahi da aka hau silin ɗin nan. Kada ka cire ta, Malam, kada kuma ka yarda a zagaye ta da waya, domin hakan daidai yake da abin da aka yi maka da mai lamba 32. Faɗuwa a lokaci ɗaya kullum alama ce mai kyau ga mai nema, saboda tana nuna akwai abin da ake kunnawa a wannan lokacin. Ka tambayi mutanen gida abin da suke jonawa da asuba. Ina zargin hitar bokiti ko injin ruwa, domin su biyun suna cikin ruwa, kuma hita idan bututunta ya tsage tana zuba wuta kai tsaye cikin bokitin da yaro zai tsoma hannu ya ji ko ya yi zafi. A zare komai, a tayar da birekar, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda zai kayar da ita. Idan ba a samu a cikin kaya ba, a duba fitilun waje da raɓa ke sauka a kansu. Idan hali ya samu nan gaba, a ba layin firizoji tasa birekar yoyon daban, yadda matsalar wani ɗaki ba za ta kashe muku sana'a ba.

Maganar gishiri kuwa duka biyun suna da gaskiya. Gishiri da gawayi suna taimaka wa ƙasa ta karɓi wuta, musamman irin tamu mai yashi da ke bushewa ƙarau daga Nuwamba zuwa Mayu, amma gishirin yana cin ƙarfe, ruwan damina kuma yana wanke shi. Tunda an riga an zuba, a bar shi, sai dai kada a binne mahaɗin waya da sandar a shafe da siminti. A yi masa ɗan akwati mai murfi yadda za a iya buɗewa a gani, a riƙa zuba masa bokitin ruwa lokaci-lokaci a cikin rani, sannan a sake kiran mai aikin ya auna ta a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, a kwatanta da lambar da ya rubuta maka yanzu. Idan ta hau da yawa, sai a ƙara sanda ta biyu nesa kaɗan da ta farko a haɗa su. Ka dawo ka gaya mana abin da ke kayar da birekar da asuba.